Sirrin Zare Biyu a Keken Ɗinki

Keken ɗinki na gida da zare biyu yake aiki, bisa dabarar da Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846. Allura takan nutsa da zaren sama, ƙoshiya ta sarƙe shi da na ƙasa. Ɗinki mai ƙarko shi ne wanda sarƙewar ta ɓuya a tsakiyar yadi. In zaren sama ya cika tsauri, kalmasa takan tattare. In ya yi sako-sako, ƙasan ɗinkin ya cukurkuɗe, ado ya ɓaci. Wajen ɗinke yadi biyu da auduga a tsakani, irin na lifidi, akan ƙara tsawon ɗinkin saboda kauri. Ɗalibai su gwada da zare launi biyu a kan ƙyalle, sannan su duba gaba da baya.