Ajiyar albasa a Galmi

Galmi tana gabas da Birnin Ƙonni, cikin yankin Malbaza. Albasarta mai jan ɓawo ta yi suna har Abijan da Akra. Amma noma ta bai kai ajiye ta wuya ba, don albasa ba ta shiri da laima.

A watan Maris ko Afrilu, lawashi yakan kwanta. Albasa ta ƙosa ke nan. Sai manomi ya daina ban ruwa kamar mako 2, sannan ya tone. Yakan yanke lawashin, ya bar ɗan wuya. Idan wuyan bai bushe ba, ta nan ruɓa ke shiga. Saboda haka ake shanya albasar kwanaki kaɗan, a rufa ta da ganyenta, kada rana ta ƙona ta. Lawashin ma ba a zubar da shi, da shi mata ke yin gabu.

Daga nan sai rudu. Rudu ɗan ɗaki ne na kara da ciyawa, wanda ake ɗagawa bisa itace don iska ta ratsa. Ba a sa wadda fartanya ta sara. Manomi yakan duba a kai a kai, ya fid da ruɓaɓɓu tun ba su ɓata sauran ba. Wanda ya haƙura har bayan damina yakan sayar da tsada.

Wasu manyan kawuna kuwa na iri ne. Idan damina ta wuce a sake dasa su, su fid da fure fari, a samu baƙin iri na shuka.