Tarin shiƙa: yadda aka gyara allurar rigakafi

Ƴan uwa, darasinmu na yau a kan tarin shiƙa ne. Kowace uwa ta san shi. Yaro ya yi ta tari ba hutu, ya ja iska da ƙara, wani lokaci har ya yi amai. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bin iska daga bakin mai tari. Jinjirin da bai kai wata 6 ba shi ya fi shiga hatsari: wani ma ba ya tari, numfashi ne ke ɗauke masa.

Allurar farko an yi ta da ƙwayar cutar gaba ɗayanta, bayan an kashe ta. Tana kare yara ƙwarai, amma takan kawo masassara da kumburi da yawan kuka.

Ku ji abin da ya faru a ƙasar Japan. A 1975 gwamnati ta dakatar da allurar na ɗan lokaci, bayan rasuwar jarirai biyu da aka yi wa ita. Iyaye suka tsorata, suka daina kai ƴaƴansu. A 1979 mutum fiye da dubu 13 suka kamu, 41 suka mutu. Tsoron allura ya yi ɓarna babba.

Gwamnatin ba ta naɗe hannu ba. A ma'aikatarta ta binciken lafiya, wani masani mai suna Yuji Sato ya ware ƴan sassan ƙwayar da ke koya wa jiki faɗa da cutar, ya bar sauran, kamar yadda mace ke sheƙe hatsi ta zubar da ƙaiƙayi. Japan ta fara aiki da sabuwar allura a 1981. Daga baya gwamnatin Amurka ta ba da kuɗi aka gwada irinta a jikin dubban yara a Suwidin da Italiya. A 1995 sakamako ya fito: tana karewa, kuma masassararta kaɗan ce.

To, amma da aka daɗe, sai aka ga ƙarfin sabuwar yana saurin raguwa. Don haka a 2015 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta shawarci ƙasashen da ke yi wa jarirai ta farko su ci gaba da ita.

Ita ce ke cikin allurar Penta da ake yi a nan Nijar: sati 6 da haihuwa, sati 10, sati 14. Sau uku ne, ɗaya ba ta isa ba. In jikin yaro ya yi zafi bayan allura, a ci gaba da ba shi nono. In zafin ya wuce kwana 2, ko yaro ya yi jijjiga, a kai shi likita maza, a tafi da karnen allurarsa.