Kifi, Tsuntsu, Raƙumi da Kai: Darasi a Kan Aikin Ƙoda

Ko fulu ka karya da shi yau, ko agashe ka ci da dare, wato tsiren da kakanninmu Hausawa suka shigo da shi Sudan, abin da jikinka ya samu a ciki shi ne furotin, sinadarin gina jiki. Kusan kashi 16 cikin 100 na nauyin furotin naitirojin ne. Jiki yana ɗaukar abin da yake bukata don gina tsoka da jini, ragowar kuma ya ƙone ta don samun ƙarfi. To, a wurin ƙonewar nan naitirojin yake ɓallewa ya zama amoniya, wadda guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa ko da kaɗan ta taru a jini. Duk dabbar da ke cin furotin tana da wannan matsala, amma ba hanya ɗaya suke bi wajen rabuwa da ita ba. Abin da ke zaɓa wa kowacce hanyarta shi ne yawan ruwan da take samu.

Fara da kasuwar kifi ta Maurada a Umdurman. Karfasar da ake kira bulti da giwan ruwan da ake kira ijil ba su da wata wahala a nan. Ka ɗaga murfin da ke gefen kan kifi, za ka ga jajayen gaɓoɓin da yake numfashi da su. Ta nan amoniya take tsiyayewa kai tsaye cikin kogi, ruwan Nilu ya tafi da ita kafin ta yi lahani. Wannan hanya ba ta cin ƙarfin jiki, sai dai tana cin ruwa: ana bukatar wajen mililita 300 zuwa 500 don fitar da giram ɗaya na naitirojin. Wanda ke kwana cikin kogi kaɗai ke iya wannan almubazzaranci.

Akwai kifi guda da ya cancanci a tsaya a kansa, wato gaiwa, wadda masuntanmu suka sani tun daga fadamun Haɗejia da tafkin Chadi. Muddin tana cikin ruwa, amoniya take zubarwa kamar sauran kifaye. Idan rani ya yi, fadama ta ƙafe, sai ta nutse cikin taɓo ta lulluɓe kanta da majina, ta yi watanni tana numfashi da huhu. Babu ruwan da zai kwashe amoniya, don haka hantarta take juya ta zuwa wani sinadari mai sauƙin guba da ake kira yuriya, ta yi ta tara shi a jiki har damina ta dawo, sannan ta zubar. Kwaɗo ma haka: yana ƙarami mai wutsiya a cikin kududdufi amoniya yake fitarwa, da ya yi ƙafafu ya hau tudu sai ya koma yuriya.

Tsuntsu kuwa ya fi kowa tsimi. Dubi kashin tantabara ko na kaza a tsakar gida: baƙin ɓangaren shi ne kashi, farin nan mai kama da alli shi ne fitsarinta. Sunansa yurik asid, ba ya narkewa sosai, kuma wajen mililita 10 na ruwa sun ishi giram ɗaya na naitirojin. Ƙadangare da maciji da fara duk wannan hanya suke bi. Haɗa shi yana cin ƙarfin jiki fiye da sauran biyun, amma yana da wata fa'ida. Ɗan tsako yana kwana 21 a rufe cikin ɓawon ƙwai, ba shi da inda zai zubar da komai. Da amoniya yake yi, da ya mutu tun bai ƙyanƙyashe ba. Ɗan tayin mutum ba ya bukatar wannan dabara, domin ta mabiyiya yake miƙa dattinsa ga jinin uwa, ƙodarta ta tace musu su biyu.

Mu da awaki da jakuna da raƙuma muna tsakiya. Hanta ce ke juya amoniya zuwa yuriya, kamar yadda Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana a Jamus a 1932, jini ya kai ta ƙoda, ƙoda ta fitar da ita cikin fitsari da wajen mililita 50 na ruwa ga kowane giram. Ita ce dai yuriyar da manoman Jazira ke saya a buhu a matsayin takin zamani. Ƙodojinka biyu, kowace da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, suna tace lita 180 na ruwan jini a rana, su mayar da kusan duka, su bar lita ɗaya da rabi ta zama fitsari.

A nan ne mutane suke ruɗin kansu. Raƙumin da aka saba korowa daga Kurdufan da Darfur zuwa kasuwar Muwailih a yammacin Umdurman yana iya kaurara fitsarinsa fiye da ninki biyu na abin da ƙodar mutum za ta iya. Yana kuma mayar da wani kaso na yuriya cikin tumbinsa, ƙwayoyin halittar da ke ciki su sake gina furotin da ita. Yakan rasa ruwan da ya kai rubu'in nauyinsa bai faɗi ba. Kai ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Komai ƙishin da kake ciki, dole ka fitar da fitsarin da ya kai kusan rabin lita a rana, in ba haka ba datti ya zauna a jini. Mai cewa ya saba da rana, ba ya bukatar ruwa, juriyarsa ce ta saba. Ƙodarsa tana nan yadda aka halicce ta.

A watannin Mayu da Yuni zafin Khartum yakan wuce digiri 40. Mai gasa bulo a bakin kogi, da ɗan dako a Kasuwar Libya, da yaron da ke kora jakin karo yana sayar da ruwa, kowannensu yana iya yin zufar lita guda ko fiye a sa'a ɗaya. Idan ruwan jiki ya ragu, jinin da ke isa ƙoda yana raguwa, tacewa ta yi rauni. Amai da gudawa suna yin wannan ɓarna cikin 'yan sa'o'i, kuma an gani a annobar kwalara da ta mamaye jihar Khartum a watan Mayun 2025, bayan lalacewar wutar lantarki ta tsayar da tashoshin ruwan sha. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana taɓa ƙoda. Haka ƙwayoyin kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen idan aka sha su cikin ƙishi. Haka kuma baƙin rinin da ake haɗawa da lalle don ya yi duhu, wanda likitocin Khartum suka daɗe suna ganin masu mutuwar ƙoda sanadinsa, musamman waɗanda suka haɗiye shi. A ajiye shi nesa da yara. Hawan jini da ciwon suga su kuma a hankali suke ci, shekaru ba tare da zafi ba.

Idan ƙoda ta gaza, yuriya da gishirin fotasiyam da ruwa suna taruwa. Mutum zai ga fitsarinsa ya ragu ƙwarai, ƙafafu da fuska su kumbura, ga tashin zuciya da ƙaiƙayi da shaƙuwa, daga baya ruɗewa. Abin da ya rage shi ne wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, sa'a huɗu kowane zama, kuma injin yana bukatar wuta da ruwa mai tsabta da kayan da ake shigowa da su daga waje. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cibiyoyin wankin ƙoda da yawa a Khartum da Bahri da Umdurman suka tsaya, marasa lafiya suka bazama Wad Madani da Fot Sudan da Masar, wasu suka rasu a hanya. Mai fara wankin ƙoda a yau yana shiga dogon layi ne.

Saboda haka ka riƙa duba fitsarinka da rana. Idan launinsa ya yi haske kamar ruwan lemon tsami, ruwanka ya isa. Idan ya yi duhu kamar baƙin shayi, ka bar rana ka sha ruwan da aka tafasa ko aka sa wa kulorin. Mai gudawa a haɗa masa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya yi ta kurɓa tun kan hanyar asibiti. Wanda likita ya riga ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon ƙoda ko na zuciya, ya tsaya a kan adadin da aka ba shi. Babban da ya wuni ya kwana bai yi fitsari ba, ko jaririn da ya yi sa'a shida zaninsa bai jiƙe ba, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a ranar, a kuma tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha, har da na gargajiya.