Darasi na Bakwai: Tafiya da Kiredit Tsakanin Manyan Makarantu

1.0 Gabatarwa

Ɗalibi ba ya zama wuri ɗaya har abada. Wani yakan gama karatun NCE ya nemi digiri, wata aure kan kai ta wani gari tana tsakiyar karatu, wani kuwa yaƙi ne kan raba shi da makarantarsa. Duk inda ɗalibi ya nufa, tambayar da ke jiransa ɗaya ce: shin karatun da ya yi a baya zai bi shi, ko kuwa sai ya sake daga fari? Wannan darasi zai yi bayani a kan tsarin da manyan makarantu suke bi wajen auna karatu da kiredit, da yadda ake ɗaukar kiredit ɗin daga wata makaranta zuwa wata, ko daga wata shaidar karatu zuwa wata.

2.0 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar kiredit da yadda ake lissafa shi;
(b) kawo hanyoyin da kiredit yake bi daga makaranta zuwa makaranta;
(c) kwatanta awon kiredit na ƙasashe daban-daban;
(d) fayyace sharuɗɗan karɓar kiredit da matsalolin da ke tattare da shi.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Ma'anar Kiredit

Da farko ya kamata a rarrabe abubuwa biyu masu suna ɗaya. Akwai kiredit na jarrabawar gama sakandare, wanda ake nufi idan aka ce yaro ya sami kiredit biyar; wannan daraja ce ta cin jarrabawa. Wanda ake magana a kansa a nan kuwa shi ne awon nauyin kwas a babbar makaranta. Kamar yadda mudu yake auna yawan hatsi ba tare da ya faɗi kyansa ba, haka kiredit yake auna yawan aikin da ke cikin kwas. Maki shi ne ke nuna kyan aikin.

A manyan makarantun Nijeriya, kiredit ɗaya yana daidai da lacca ta awa ɗaya a kowane mako har tsawon zangon karatu na mako 15. Ke nan kwas mai kiredit 2 yana ɗauke da lacca ta awa 30. Ɗalibi ba ya mallakar kiredit ɗin kwas sai ya ci kwas ɗin. Bayan haka sai a ninka kiredit da darajar makin da ya samu. Misali, wanda ya sami A (daraja 5) a kwas mai kiredit 2 yana da 10, idan kuma ya sami C (daraja 3) a kwas mai kiredit 3 yana da 9. Jimilla 19 ke nan, a raba da kiredit 5, sai a sami 3.8. Wannan shi ne matsakaicin makinsa.

3.2 Asalin Tsarin

Tafiya da karatu daga hannun wani malami zuwa wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajirin ilimi yakan sauke Ahalari da Ishmawi a zauren wani malami, ya tafi wani gari ya ɗora da Iziyya ko Risala, kuma ba a mayar da shi baya muddin sabon malamin ya gamsu da wanda ya karantar da shi. Ijaza ita ce shaidar wannan amincewa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma littafi guda ya rubuta, wato Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu. Abin lura a nan shi ne, amana tsakanin malamai ita ce ke sa karatu ya bi mai shi.

Awon karatu da lambobi kuwa daga Amurka ya samo asali. Bayan da Charles Eliot ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869, ya faɗaɗa wa ɗalibai damar zaɓen kwasa-kwasan da suke so. Da yake kowa ya kama tasa hanya, sai aka buƙaci ma'auni ɗaya da za a gane wanda ya cika sharaɗin digiri. A 1906 Gidauniyar Carnegie ta fito da awon da ya tsayar da awa 120 na zaman aji a matsayin karatun shekara guda na fanni ɗaya a sakandare, daga nan kuma awon karatu da sa'o'i ya bazu a jami'o'in ƙasar. A Nijeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanya tsarin kiredit cikin mafi ƙarancin ƙa'idojin karatu da ta fitar a 1989. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa.

3.3 Hanyoyin Tafiya da Kiredit

Ana iya kasa waɗannan hanyoyi gida uku.

(i) Hawa daga mataki zuwa mataki. Wannan ita ce hanyar da ta fi shafar ɗalibin kwalejin ilimi. Mai shaidar NCE yakan nemi shiga jami'a kai tsaye ta hannun hukumar JAMB, a ɗauke shi a aji biyu. A nan ba a bin kwasa-kwasansa ɗaya bayan ɗaya. Ana karɓar shaidar ne a dunƙule a madadin shekarar farko. Saboda haka digirin da mai shiga ta aji ɗaya zai yi da kiredit aƙalla 120 cikin shekara huɗu, mai NCE zai yi shi da aƙalla 90 cikin shekara uku. A lura cewa karatun shekara uku ne aka musanya da na shekara ɗaya.

(ii) Ƙaura daga makaranta zuwa takwararta. A nan ɗalibi yakan bar wata jami'a ya koma wata yana tsakiyar digiri. Sashen da zai karɓe shi yakan ɗora kwasa-kwasan da ya ci a kan nasa, ya yafe masa waɗanda suka yi daidai, ya wajabta masa waɗanda suka rage. Majalisar malaman jami'a ita ke da ta cewa ta ƙarshe.

(iii) Tarayya a kan kiredit. Wannan yana faruwa ne idan makarantu biyu suka ƙulla yarjejeniya tun kafin a fara karatun. Misali, kwalejojin ilimi na tarayya da ke Zariya da Kano sun daɗe suna koyar da digiri a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kafin a ɗaga su zuwa matsayin jami'o'i: koyarwa a kwaleji, shaida daga jami'a. Haka kuma akwai musayar ɗalibai, inda ɗalibi kan yi zango ɗaya a wata jami'a ya dawo da kiredit ɗinsa gida.

3.4 Kowace Kasuwa da Mudunta

Wanda ya saba awo a kasuwanni ya san mudun wannan gari ba lallai ne ya yi daidai da na wancan ba. Haka kiredit yake.

A Amurka, digirin farko na shekara huɗu yakan kai kiredit 120, wato kimanin 30 a shekara, kusan daidai da na Nijeriya. A Turai kuwa ana amfani da tsarin ECTS, wanda aka fara gwajinsa a 1989 a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na Erasmus. Ya ƙara ƙarfi bayan ministocin ilimi na ƙasashe 29 sun sa hannu a kan Sanarwar Bologna a Italiya a 1999. A wannan tsari shekara ɗaya kiredit 60 ce, kuma kowane kiredit yana wakiltar aikin awa 25 zuwa 30. Awannin nan sun haɗa da lacca, da nazari a ɗakin karatu, da jinga, da shirin jarrabawa. A Ingila shekara ɗaya kiredit 120 ce, a kan ƙiyasin awa 10 ga kowane kiredit. Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci sun rungumi tsarin LMD, inda digirin farko yake shekara uku da kiredit 180, wato 30 a kowane zango.

Ke nan karatun shekara guda yana iya fitowa a takarda a matsayin 30, ko 60, ko 120. Idan ɗalibi ya zo Jami'ar Bayero daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da kiredit 60, jami'in da bai san wannan bambanci ba zai ɗauka shekara biyu ya yi, alhali shekara ɗaya ce. Har ila yau ma'aunin maki ya bambanta: a can ana ba da maki ne bisa 20, kuma 10 ne matakin ci, a nan kuwa bisa 100 ake bayarwa. Dole ne a fassara awo kafin a kwatanta shi.

3.5 Sharuɗɗan Karɓar Kiredit

Kodayake kowace jami'a tana da dokokinta, akwai tambayoyin da galibi ake yi:

1. Shin makarantar da ɗalibi ya fito, da fannin da ya karanta, suna da amincewar hukuma?
2. Shin ƙunshiyar kwas ɗin ta yi daidai da ta wanda za a yafe masa? Suna ɗaya ba ya wadatarwa. Kwas ɗin Nahawun Hausa a aji ɗaya na NCE da mai irin sunansa a aji uku na jami'a ba su zama ɗaya ba.
3. Wane maki ya samu, kuma tun yaushe?
4. Shin takardar cikakken sakamako ta fito ne kai tsaye daga ofishin makarantar farko?
5. Kiredit nawa zai yi a sabuwar makarantar? Jami'a ba ta yarda ta sa hatiminta a kan digirin da aka yi mafi yawansa a wani wuri.

A tsakanin ƙasashe kuma akwai yarjejeniyoyi. Ta Lisbon ta 1997 ta kafa ƙa'ida mai muhimmanci a Turai, cewa a karɓi karatun da aka yi a wata ƙasa sai fa idan mai tantancewa ya nuna akwai babban bambanci. Wato nauyin kawo hujja yana kan makaranta, ba a kan ɗalibi ba. Afirka tana da Yarjejeniyar Arusha ta 1981, wadda aka sabunta a Adis Ababa a 2014. Hukumar UNESCO kuma ta zartar da ta duniya baki ɗaya a 2019, ta fara aiki a 2023.

3.6 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce jinkirin fitar da takardar sakamako, wanda kan sa ɗalibi ya rasa gurbi ba da laifinsa ba. Ta biyu ita ce rashin takardar gaba ɗaya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, an kwaso ɗaliban Nijeriya masu yawa daga Khartum, wasu suna dab da kammalawa, ga shi jami'o'in da za su ba da shaidar karatunsu a rufe suke. Ta uku ita ce shaidar jabu. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin jamhuriyoyin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sami digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai kafin a kai ƙarshensa, zargi ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gumi.

Waɗannan misalai suna nuna cewa tsanani da sassauci duk suna da illa. Idan aka tsananta, ɗalibi zai maimaita abin da ya riga ya sani, ya yi asarar shekaru da kuɗin iyayensa. Idan aka sassauta, darajar digirin kowa za ta zube.

4.0 Kammalawa

Kiredit ma'auni ne kawai, kuma ma'auni ba ya aiki sai mai saye ya amince da mai awo. Wannan amana tana farawa ne daga hannun malamin aji. Makin da ya rubuta yau shi ne wata jami'a za ta dogara da shi bayan shekaru, ba tare da ta taɓa ganin fuskarsa ba. Saboda haka wajibi ne malami ya koyar da awannin da aka rubuta, ya ba da maki bisa gaskiya, ya kuma adana sakamako da kyau. Shi ma ɗalibi mai niyyar ci gaba ya adana jadawalin ƙunshiyar kowane kwas da ya yi, ya kuma binciki sharuɗɗan jami'ar da yake hari tun yana aji ɗaya, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

5.0 Taƙaitawa

A wannan darasi an ga cewa kiredit awon nauyin kwas ne, kuma yana tafiya ta hanyoyi uku: hawa mataki, ƙaura, da tarayya. An kuma ga cewa awon ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sannan karɓarsa ta dogara ne a kan amincewar hukuma, daidaiton ƙunshiya, da ingancin takardu.

6.0 Jinga

1. Bambanta kiredit na jarrabawar sakandare da kiredit na kwas.
2. Ɗaliba ta sami B (daraja 4) a kwas mai kiredit 3, da D (daraja 2) a kwas mai kiredit 2. Lissafa matsakaicin makinta.
3. Ɗalibi ya zo da kiredit 120 na tsarin ECTS. Shekara nawa ya yi? Kawo hujja.
4. Kwatanta ijazar makarantun zaure da takardar sakamako ta jami'a.
5. "Musanya shekara uku na NCE da shekara ɗaya ta digiri adalci ne." Tattauna.