Yaɓen Shekara: Nazari a Kan Kuɗin Kula da Ganuwar Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilin da ya sa ganuwar Kano ke ci gaba da zubewa duk da matsayinta na abin tarihi na ƙasa. Ta nuna cewa yadda ake kashe kuɗin kula da ita na daga cikin tushen matsalar, sannan ta kawo shawarar a koma ga tsarin gyaran shekara-shekara.

1.0 Gabatarwa

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara gina ganuwa, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) da Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. A 2007 aka shigar da ita cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su, amma har yau Sukur (1999) da Kurmin Osun-Osogbo (2005) kaɗai ƙasar ke da su a babban jerin.

2.0 Yanayin Matsalar

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. Kowace damina tana cin wani abu daga jikinsa, idan ba a mayar ba kafin wata daminar sai tsagewa ta zama rushewa. A da, talakawa ne ke wannan aiki da rani bisa umarnin sarki, domin ganuwar ita ce tsaronsu. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 wannan amfani ya kau, dalilin gyaran ma ya bi shi.

A yau nauyin yana wuyan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Kuɗin gwamnati kuwa ya fi zuwa a matsayin kwangila: a sake gina ƙofa, a yi bikin buɗewa, sannan a bar ta shekaru ba yaɓe. A tsakanin haka masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suna cin gindin badala, domin filin ya fi tarihin daraja a kasuwa.

3.0 Mafita

Birnin Jenne na ƙasar Mali abin koyi ne. Babban masallacinsa, wanda aka sake ginawa a 1907, yana tsaye ne saboda mutanen gari suna fita yaɓe duk shekara. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A ƙauyukan Makoɗa da sauran karkarar arewacin Kano, magidanci yakan gyara katanga da rumbu kafin ruwa ya sauka, kuma har yanzu akwai magina da suka san tubali da azara da makuba. Don haka ana ba da shawarar:

a. A ware ƙaramin kaso tabbatacce na yaɓe duk shekara, a riƙa sakin sa da rani.

b. A raba ganuwar ga unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, ƙarƙashin masu unguwanni da Sarkin Magina.

c. A ɗauki maginan karkara aiki, su kuma koyar da matasa.

d. A mayar da wani ɓangare na kuɗin shiga Gidan Makama cikin asusun gyara.

4.0 Kammalawa

Ganuwa da sana'ar gini ƙaddararsu ɗaya ce. Muddin akwai masu yaɓe, abin da damina ta ci zai dawo. Ranar da suka ƙare, ko an samu kuɗin ba za a samu hannun da zai yi aikin ba.