Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Kwamfiresan Iyakwandishan Yawan Ɗaukewa?

Tambaya: Malam, ina da iyakwandishan irin ta taga mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Tun da zafi ya shigo, in na kunna ta sai kwamfiresa ya yi 'yan mintuna ya ɗauke, fanka ta ci gaba da hura iska mara sanyi. Can sai ya dawo, ya sake ɗaukewa. An ce mini gas ne ya ƙare. In kira a ƙara mini ne? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da maganar gas tukuna. Da farko, ba kowace tsayawa ce matsala ba. In ɗaki ya kai sanyin da ka saita, dole kwamfiresa ya huta. Abin damuwa shi ne ya ɗauke alhali ana gumi. A jikinsa akwai wani ɗan makunni da ke yanke masa wuta da zarar ya yi zafi fiye da kima, ya mayar masa in ya huce. Wato kare kansa yake yi daga ƙonewa. Aikinmu shi ne gano abin da ke dafa shi.

Fara da wuta. An ƙera waɗannan na'urori don bolt 220 zuwa 240. Idan wutar unguwa ta yi rauni, musamman da daddare da kowa ya kunna kayansa, kwamfiresa kan ja wuta fiye da ƙa'ida, ya ɗau zafi. Alamarsa, za ka ji ya yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, ƙwan ɗaki ya dushe, sai ka ji "ƙas", shiru. A auna wutar da mita yayin da yake aiki. In ta yi ƙasa da 200, nemi sitabilaiza da ya fi ƙarfin na'urar. Taɓa fulogi kuma: in yana ƙona hannu ko bakinsa ya yi baƙi, soket ko wayar ce ta yi ƙanƙanta. Haka ƙaramin janareta, domin lokacin tashi kwamfiresa na jan ninkin-ba-ninkin abin da yake ci yana tafiya.

Sai iska. Zare rariyar gaba ka wanke. Sannan ka zagaya bayan ɗaki ka dubi ƙarafunan nan sirara da ke fitar da zafi. Ƙurar hunturu kan like su har su zama kamar an yaɓa musu laka, ga zafin Afrilu a Sakkwato da kan haura digiri 40. Zafin da bai samu hanyar fita ba, kan kwamfiresa yake komawa. Cire fulogi, a share da burushi mai laushi, a wanke a hankali ba tare da ruwa ya taɓa wayoyi ba. Duba ramukan gefe da na sama ma. Sau da yawa magini kan cusa na'urar cikin bango mai kauri ya toshe su da siminti, alhali ta nan take shan iska.

Akwai kuma sensa, 'yar waya mai ɗan kai da ke bayan rariya tana auna iskar ɗaki. In ta zame ta manne da ƙarfen sanyi, sai ta ɗauka ɗaki ya yi sanyi ta kashe kwamfiresa. Mayar da ita mazauninta kawai.

In duk waɗannan lafiya lau, kira mai gyara ya auna kafasita, wadda ke taimaka wa kwamfiresa da fanka su tashi. Ta kan kumbura in ta lalace, kuma ba ta da tsada. Kada ka sa mata hannu, tana riƙe wuta ko bayan an cire fulogi.

Gas shi ne na ƙarshe. Ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, a rufe yake zagayawa. In ya ragu, to akwai huji, kuma za ka iya ganin ƙanƙara ko maiƙo a jikin bututu. Ƙara gas ba a like hujin ba, zuba ruwa ne a kwando. A tabbata kuma an zuba irin wanda ke rubuce a jikin na'urar, R22 ne ko R410A ko R32, kada a gauraya.

Abu biyu nake roƙonka. In an ɗauke wuta an dawo da ita, jira minti 3 zuwa 5 kafin ka kunna. Sannan duk wanda ya ce zai haɗe wayar makunnin nan kai tsaye don kwamfiresa ya daina ɗaukewa, kada ka yarda. Zai daina ɗaukewa, amma ƙonewa zai yi, kuma shi ne abu mafi tsada a cikin na'urar. Allah Ya sa a dace.