Ɗalibai Masu Kiyaye Daji a Amurka

A ƙasar Amurka akwai waɗansu manya-manyan dazuzzuka, da duwatsu, da tafkuna, waɗanda hukuma ta keɓe domin jama'a duka. Ba a noma a cikinsu, ba a saran itace, sai dai mutane su je su ba idonsu abinci su komo. Na farkonsu shi ne Yellowstone, wanda aka keɓe cikin shekarar 1872.

Bayan da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1945, motoci suka yawaita, mutane suka yi ta tuɗaɗa zuwa waɗannan wurare. Ma'aikatan daji kuwa kaɗan ne, kuɗin gyara kuma ba ya isa. Hanyoyi suka lalace, shara ta taru. Abin ya kai har wani marubuci, wai shi Bernard DeVoto, ya rubuta cikin 1953 cewa gara a rufe waɗansunsu, sai ran da hukuma ta ba da kuɗin lura da su.

Wata ɗaliba, sunanta Elizabeth Cushman, ta karanta wannan magana, sai ta ga rufewa ba ita ce magani ba. Ta tuna makarantun ƙasarsu suna ba da dogon hutu lokacin zafi, watau daga watan Yuni zuwa na Agusta, ga samari da 'yan mata masu ƙarfi zaune ba aikin yi. Me zai hana su je su taimaki ma'aikatan daji, su kuma koyi aikin daga gare su? Cikin 1955 ta rubuta wannan shawara a takardarta ta gama karatu a Kwalejin Vassar.

Cikin 1957 aka soma. 'Yan sa kai 53 suka tafi dazuzzuka biyu, Grand Teton da Olympic. Wannan shi ne mafarin ƙungiyar ɗalibai masu kiyaye ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta SCA. Har wa yau tana aika matasa kowace shekara. Waɗansu su yi 'yan makonni, waɗansu wata biyu ko uku. Galibi masu aikin tsakiyar daji a tanti suke kwana, su ke dafa abincinsu da kansu, akwai kuwa babba mai lura da su.

Babban aikinsu shi ne gyaran hanyar ƙafa. Wani ya ce wannan ƙaramin abu ne, amma ga dalilinsa. In hanya ta ɓaci, mutane sai su ratse su bi ta cikin ciyawa. Ciyawa in ta sha taki sai ta mutu, ƙasa ta daddale, ta kasa shan ruwa. Da an yi ruwan sama sai ya gangara da gudu, ya kwashe ƙasar sama, wadda ita ce abincin tsiro. Kwanci-tashi, inda dā ƙafa ɗaya ta taka sai ya zama kwazazzabo. Saboda haka ɗaliban sukan binne gungumen itace ko jerin duwatsu a gicciye bisa hanya, a ɗan karkace, don ruwa ya kauce ya shiga daji a hankali. Rigakafi ya fi magani.

Ban da wannan, suna dasa itatuwa, suna tuge baƙin ciyayi waɗanda aka kawo daga waɗansu ƙasashe suka danne na gida, suna ƙidaya tsuntsaye su rubuta a littafi. Akwai wuraren da dokar 1964 ta hana shiga da inji, can sai da gatari, da diga, da zarton hannu. Cikin 1988 gobara ta ci wajen sulusin Yellowstone, matasan ƙungiyar nan suna cikin waɗanda suka je gyaran ɓarnar.

Riba biyu ake ci. Daji ya sami masu jiyyarsa, yaro kuma ya sami ilmin da ba a samu a kan benci, gama wanda ya yi gumi wajen toshe kwazazzabo ba ya yarda ya ga ana ɓata ƙasa ya yi shiru. Da yawa daga cikinsu sun girma sun zama ma'aikatan daji. Cikin 2010 Shugaba Barack Obama ya ba matar nan da ta kawo shawarar lambar girma.

Ƙasa amana ce. Waɗanda suka riga mu sun bar ta, na baya kuma suna jiranta. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka tun da ƙuruciya ake koyon riƙon wannan amana.

Tambayoyi

1. Me ya sa dazuzzukan Amurka suka lalace bayan 1945?
2. Wace shawara Elizabeth Cushman ta kawo?
3. Yaya hanyar ƙafa take zama kwazazzabo?
4. Faɗi aiki uku da ɗaliban nan suke yi.